Inna na kwance a Maraɗi, kana Faransa: ka zo tun tana gane muryarka

Wani ɗan'uwanmu da ke aikin ɗaukar kaya a birnin Lyon na Faransa ya rubuto mini. Mahaifiyarsu ce ke fama da sankarar mama. An kai ta Yamai, an yi mata aiki, an yi ta ba ta magani, yanzu likitoci sun ce ciwon ya kai ƙashi da hanta, a mayar da ita gida a ci gaba da rage mata zafi. Tana kwance a gidansu da ke unguwar Zariya a Maraɗi, ƙanwarsa ce ke jinya. Yayansu na son a sayar da fili a kai ta Tunisiya, kuma har yau ba wanda ya gaya wa Inna gaskiyar ciwon. Shi kuwa takardar zamansa ta ƙare, resepise na sabuntawa, wato takardar wucin gadi da ake ba mai jiran sabon kati, ne a hannunsa. Yana tambaya: ya aika kuɗin jirgin a ƙara a magani, ko ya zo? In zuwa ne, yanzu ko ya dakata?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa kaffara ne. Amsata ita ce ka zo, kuma kada ka jira wayar da kowa ke tsoro. Ka san al'adar gida: wanda ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Babu jirgin da zai kawo ka ka samu jana'iza, domin ko ka sauka Yamai akwai fiye da kilomita 600 na mota tsakaninka da Maraɗi. Wanda ya jira, zaman makoki kawai zai tarar. Ka kuma sani cewa idan ciwo ya kama hanta, barci na yawaita, wani lokaci hankali ya riƙa gushewa, saboda haka kwanakin da Inna za ta iya hira da kai, ta sa maka albarka da bakinta, ba su kai yawan kwanakin da suka rage mata ba. Su nake so ka riska.

Amma kafin ka sayi tikiti, ka duba takardar da ke hannunka da kyau. A Faransa resepise na sabunta takardar zama yana ba ka damar fita ka dawo, muddin bai ƙare ba, ka haɗa shi da tsohon katin da fasfo mai rai. Resepise na neman farko ba ya ba da wannan dama. Ka tsara dawowarka da ratar kwanaki kafin ranar da aka rubuta a jikinsa, kada ka ce za ka gyara daga can, domin ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun farkon 2024, kuma wanda takardarsa ta mutu yana Nijar zai sha wuya kafin ya samu bizar komawa. In ranar ta matso, ka je ofishin da ya ba ka shi da takardar likita ka nemi sabo kafin ka tashi. Wanda kuma yake neman mafaka, ko aka riga aka ba shi, komawa ƙasar da ya ce ya gudo daga gare ta na iya raba shi da matsayinsa gaba ɗaya; kada ya motsa sai ya ga lauya.

A wurin aiki ba alfarma za ka roƙa ba. Dokar ƙwadago ta Faransa ta tanadi hutun kula da ɗan'uwan da ke ƙarshen rayuwa, har wata 3, ana iya sabunta shi sau ɗaya, kuma wanda kake wa aiki ba shi da ikon hanawa. Ana sanar da shi a rubuce kwana 15 kafin tafiya, tare da shaidar likitan da ke duba majiyyaci. In likita ya rubuta cewa lamarin na gaggawa ne, hutun na iya farawa nan take. Ba a biyan albashi a cikinsa, amma aikinka na jiranka. Ka sa ƙanwarka ta karɓo wannan shaida yau ta turo maka hotonta, tunda da Faransanci likitocinmu ke rubutu, babu wahalar fassara.

Maganar Tunisiya kuwa, kada ka ɗauki Yaya a matsayin abokin gardama. Ɗan fari ne, yana jin kunyar a ce ya zauna ya zura ido. Ku kira likitan da ya duba Inna, ku duka kuna ji, ku yi masa tambaya a fili: in an fita da ita, warkewa ake nema ko ƙarin makonni? Sankarar da ta bazu zuwa ƙashi da hanta, ko a Paris ba a warkar da ita, sai dai a rage mata gudu a rage zafi. Ni dai ban ga amfanin a sayar da filin gado, a ɗora tsohuwa mai ciwon ƙashi a mota da jirgi, ta je ta cika a ƙasar da ba ta jin yarensu ba. Tafiya ɗaya ce za ta iya zama da amfani: cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashin haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a 2021, kuma sau da yawa gashi ko da sau ɗaya ne yana kwantar da zafin ƙashi. Ku tambayi likita ko jikin Inna zai ɗauki hanyar.

Da likita ya ce a koma gida, mutanenmu sai su ji kamar an ce babu sauran abin yi. Akwai, kuma da yawa. A Turai akwai gidaje na musamman da ake kwantar da wanda magani ya daina yi wa aiki, ana kula da zafinsa da hankalinsa da iyalinsa. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta buɗe na farko irin na zamani a Landan a 1967. A Yuganda, daga 1993, Dokta Anne Merriman ta nuna cewa ana iya yin wannan aiki a cikin gidajen mutane da ruwan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, mai araha da ake sha ta baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu buƙatar irin wannan kulawa a duniya, kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Mu ɗakin Inna ne zai zama wannan gida, ku 'ya'yanta ne ma'aikatansa, kuma a nan kuɗinka zai yi aikin da ya fi tikitin Tunisiya.

Abu na farko zafi. Kada ku yarda Inna ta kwana tana nishi ana ce mata ta yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, neman magani ma umarni ne, ɗaya bai hana ɗaya ba. Likitoci na bin mataki: farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa irin su taramol, in shi ma ya gaza sai mofin. Na san sunan taramol ya ɓaci a garinmu saboda yadda samari ke shansa, na kuma san ana cewa mofin allurar sallama ce. Ba haka ba ne. Idan likita ne ya auna, mofin ba ya gaggauta ajali, kuma mai ciwo irin na Inna ba maye yake nema ba, barci yake nema. A ba da magani bisa agogo, kada a jira sai zafin ya dawo, ruwan mofin na baki galibi kowane awa 4 ne. Yana ɗaure ciki, don haka a nemi mai sassauta ciki tun ranar farko. Ku nemi takardar magani a babban asibitin Maraɗi ko wajen likitanta na Yamai, ku saya a farmasi, ku guji na masu talla a tire da rana ta gama dafawa. Kai kuma kada tausayi ya sa ka cusa mofin na wani a jakarka daga Faransa. Magani ne da doka ke tsarewa, a filin jirgi za a iya kama ka.

Sauran aikin na hannu ne. A riƙa juya ta kamar kowane awa 2 don kada bayanta da ƙugunta su yi gyambo. Katifa mai laushi, leda a ƙarƙashin zanen gado, fanka mai aiki da hasken rana saboda zafin Afrilu da Mayu da ɗaukewar wuta. In ƙirjin ya yi rauni yana wari, akwai maganin da ma'aikacin jinya zai sa ya kashe warin, kada a bar ta tana jin kunyar masu shigowa. Ku ɗauki ma'aikacin jinya guda da zai riƙa leƙowa gida, ku biya shi a wata.

Akwai wani abu da ke raba kan 'yan'uwa a kusan kowane gida: abinci. Ranar da Inna ta fara ture kwano, za a ce a matsa mata, a kira a yi mata ƙarin ruwa. Ciwon ne ya rage buƙatar jikinta, ba yunwa ce ke kashe ta ba. Ɗura na iya sa ta shaƙe, ƙarin ruwa a kwanakin ƙarshe kuma kan ƙara kumburi da majina a ƙirji. Cokali biyu na kunu ko fura mai ruwa in ta so, a jiƙa mata leɓe, a goge mata baki, ya wadatar. Masu kawo rubutu da tofi a karɓa da godiya, amma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kada a ba mai ciwon hanta, kuma duk wanda ya ce zai warkar da sankara in an biya shi jaka kaza, ku sallame shi.

Ka kula da ƙanwarka. Ita ke wanki, ita ke tashi tsakar dare, ga mijinta ga 'ya'yanta, sannan ku na waje ku bugo kuna tambayar me ya sa ba a yi kaza ba. Wannan ba adalci ba ne. Kuɗin jinya ka riƙa tura mata kai tsaye ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, da rabonta na kanta daban, ba tare da ta roƙa ba. A samo wata gwaggo ko mai aiki da za ta karɓe ta dare biyu ko uku a mako. In ka iso, kada ka zama baƙon da ake dafa wa abinci yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida; ka karɓi dare, ka koyi ɗaga Inna da juya ta. 'Yan dubiya ma a sa musu lokaci. Dubiya sunna ce, amma ɗaki cike da mutane tun safe har dare gajiya ce ga mai ciwo.

Ɓoye mata kuwa, ina ganin Inna ta riga ku sani. Macen da ta yi jinyar iyayenta da mijinta ta san abin da ake nufi in an dawo da mutum gida. Ba na cewa a faɗa mata magana gatsau. Ka zauna kusa da ita ka ce, Inna, yaya kike ganin jikin nan? Akwai abin da kike so a yi? Sai ka yi shiru. In ta kauce, ka bar ta. In ta buɗe, ka saurara, kada ka katse ta da cewa za ta warke. Tana da haƙƙin ta faɗi bashin da ake bin ta da wanda take bi, ajiyar mutane da ke ɗakinta, kuɗin adashi, wasiyyarta wadda ba ta wuce sulusin dukiya, da waɗanda take so a kira su yafi juna. A rubuta a gaban shaidu biyu. A tuna mata cewa salla a zaune ko a kwance ta inganta, taimama ma ta isa in ruwa na wahalar da ita. Idan numfashi ya fara sauyawa, ƙafafu suka yi sanyi, a rage hayaniya, a riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta ba tare da an matsa mata ta maimaita ba.

Na san akwai masu karanta wannan daga Aljeriya, Libiya ko Turai da ba su da takardar da za ta dawo da su in sun fita, kuma su ne ke ciyar da gida. Ban ce su jefar da abincin iyalinsu ba, kuma babu wanda ya isa ya kira su marasa tausayi. Su sa lokaci guda kullum, a kara wa tsohuwa waya a kunne ko da ba ta amsawa, su nemi gafararta da bakinsu tun yau, su ɗauki nauyin magani da mai jinya. Amma kai, ɗan'uwa, hanya a buɗe take gare ka. Ka duba ranar da ke jikin resepise ɗinka, ka miƙa wa wanda kake wa aiki takarda cikin makon nan, ka gaya wa Inna ranar da za ka iso.