Muryar da na tura wa group a kan Battlefield

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare ya saurara. Autanmu na group ne ya jefo tambaya jiya, wai shi bai ga abin da wasan bidiyon yaƙin nan Battlefield ya tsinana ba da manya suke ta cika baki a kansa, tunda Call of Duty ya fi shi suna, ya fi shi kasuwa, kuma shi ne a wayar kowa. To ƙanina, maganar kasuwa ka yi gaskiya, ba zan ja da kai ba. Amma tambayarka ita ce me ya bari, kuma a nan ne zan ɗan zauna da kai.

Ka fara sanin cewa wasan nan ba Amurkawa ne suka ƙirƙiro shi ba. Wani kamfani ne a ƙasar Suwidin, DICE, shi ya yi shi, kamfanin wasanni na Amurka EA kuma ta buga ta sayar, daga baya a 2006 ta saye kamfanin gaba ɗaya. Na farko ya fito a 2002, sunansa Battlefield 1942, a kan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yawancin wasannin harbi mutum kaɗan ne a cikin lunguna, ka zagaya kwana, wanda ya riga danna kunama shi ya ci. Su kuma suka zuba mutum 64 a fili ɗaya, 32 nan 32 can, suka ajiye tankar yaƙi, jirgin sama, jirgin ruwa, har da mai ɗaukar jirage, suka ce duk abin da ka gani shiga ka tuƙa. Akwai wani fili, Wake Island, tsibiri ne mai siffar kofaton doki, sun yi ta maido shi a wasanni daban-daban saboda mutane sun ƙi mantawa da shi.

Amma ba yawan mutanen ne ya fi burge ni ba, yadda ake cin wasan ne. Ka saurara da kyau nan. A tsarin da suke kira Conquest, kowane ɓangare yana da adadin tikiti. Duk wanda aka kashe ya dawo fili, tikiti ɗaya ya tafi. Sannan akwai tutoci warwatse a filin, in ɓangarenku ya riƙe mafi yawansu, tikitin abokan gaba ya dinga zuba da kansa kamar randa mai tsaga. Ka ga kenan za ka iya kashe mutum arba'in kana kwance a kan dutse da bindigar hange, kana jin kai ne gwarzo, a ƙarshe a cinye ku, saboda ba ka taɓa taka wurin tuta ba. Wani kuma bai kashe ko biyar ba, aikinsa kawai ya bi bayan tanka yana gyara, ko ya dinga jefa wa mutane akwatin harsashi, ka duba allon sakamako ka gan shi a sama. Wallahi ni abin da ya riƙe ni kenan. Ba ni da saurin hannu, duk wanda ya taɓa wasa da ni a nan ya sani, kada wanda ya yi dariya. Amma ba ni likita, in dinga tayar da waɗanda suka faɗi. Kowane mutum ɗaya da na tayar, tikiti ɗaya na ceto mana.

Wannan abin ya ƙara ƙarfi ne a Battlefield 2 na 2005. Nan aka kawo ƙaramar tawaga ta mutum shida, da shugabanta, in ka mutu za ka iya dawowa a gefensa maimakon ka faro tafiya daga sansani. Aka kawo kwamanda guda ɗaya a kowane ɓangare, yana kallon fili daga sama, yana aiko da kaya, yana sauke ruwan igwa. Aka sa magana da murya a cikin wasan. Tsofaffin hannu in ka ce musu Karkand sai ka ga sun yi murmushi, gari ne da ake jifa da gurneti kamar ana ruwan ƙanƙara. Kuma ka san wani abu? Shi kansa wasan ya ci moriyar 'yan wasa ne. Wasu masoya sun ɗauki 1942 suka sauya shi zuwa yaƙin zamani, suka kira shi Desert Combat, ya karɓu har DICE ta saye su a 2004. Shi ma Battlefield 2 wasu suka sauya shi suka yi Project Reality, daga cikin mutanen nan ne aka samu waɗanda suka je suka yi wasan Squad. To ka fara ƙirga jikoki.

Bari, kira ne ya shigo, ya katse ni. Ina nake? Yawwa, rushe gini.

A 2008 suka fitar da Battlefield: Bad Company da sabon injin da suka gina, wato manhajar da ake ɗora wasa a kanta, Frostbite. Kafin nan a yawancin wasanni bango bango ne, ko da rokar duniya ka harba masa yana nan tsaye. Su suka ce a'a, in mutum ya ɓuya a ɗaki, fasa bangon ka same shi. A Bad Company 2 na 2010 gidan gaba ɗaya yake zubowa a kan wanda ke ciki, za ka fara jin katako yana ƙara, ka san in ba ka fita yanzu ba kabarinka kenan. Filin da kuka fara wasa a kai daban, wanda za ku gama a kai daban. A Battlefield 4 na 2013 har dogon bene na tsakiyar Shanghai ake kayarwa, ƙura ta rufe gari.

Kuma ƙanina, injin nan da nake gaya maka, kai ma kana amfani da shi ba ka sani ba. Tun daga FIFA 17 ƙwallon EA a kan Frostbite take tafiya. Duk gidan gem ɗin da ka shiga a unguwa ka tarar yara sun yi layi suna Madrid da Barca a sabuwar ƙwallon EA, injin da aka gina don fasa bango da tanka ne yake juya musu ƙwallon. Ko da yake ba duka alheri ba ne, EA ta so kusan duk kamfanoninta su hau kansa, waɗanda suke yin wasannin labari irin su BioWare kuma an sha ba da rahoton wahalar da suka sha da shi, domin ba don irin aikinsu aka ƙera shi ba.

Akwai kuma abin da ba kamfani ne ya tsara shi ba. A zamanin Battlefield 3, wanda ya fito a 2011, wani ɗan wasa yana cikin jirgin yaƙi ana bin sa a baya, sai ya cilla jirgin can sama, ya yi tsalle ya fita, ya harbo mai bin sa da roka yana cikin iska, ya faɗo ya koma cikin jirginsa ya ci gaba da tafiya. Bidiyon ya zagaye duniya. Shekara goma bayan haka kamfanin da kansa ya sa irin wannan a tallan sabon wasansa. Haka masu ɗaure bam a jikin ƙaramar mota su rugo su daki tanka su dire. Ba wanda ya rubuta wannan a labari, kayan wasa aka zube aka bar mutane da haukarsu. Duk wanda ya daɗe a wasan yana da irin labarinsa. Nawa dai ba na jarumta ba ne, mu huɗu muka cika jirgi mai saukar ungulu, matuƙin ya ce ya iya, ko daga ƙasa ba mu gama tashi ba ya kife da mu.

Kada ka ce ina yabon ɗan kuturu, suna da tabo, babba ma. Battlefield 4 ya fito a lalace, wasa yana yankewa, ka harbi mutum harsashi bai ƙirgu ba, ka shige bayan bango a kashe ka. Sai da aka kwashe watanni ana gyara, har suka buɗe wurin gwaji na musamman a 2014 inda 'yan wasa ke gwada gyaran kafin a sake shi, daga ƙarshe ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so. Battlefield 1 na 2016 shi kam ya zo da ƙafar dama, suka koma Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da Call of Duty ya tafi sararin samaniya, ga dawakai, ga jirgin ƙasa mai sulke, ga hamadar Sina'i. Na biyar, na 2018, bai samu wannan karɓuwar ba, amma akwai abu ɗaya a cikinsa da nake so 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke group ɗin nan su sani. A ɓangaren labari akwai babi a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi a kudancin ƙasarta a 1944, waɗanda ake kira tirayo na Senegal, alhali daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a yankinmu aka kwaso su, har da Nijar. Babin ya taɓo yadda aka ture su gefe da nasara ta zo. Ni dai ina jiran ranar da wani zai yi irin wannan a kan kakanninmu da Ingila ta kai Bama.

To sai 2021, Battlefield 2042. Nan ne hujjata take. Suka ce 64 ya yi kaɗan, a mayar da shi 128. Suka cire tsarin rukunan nan da aka saba, mai kai hari, makaniki, mai tallafi, mai leƙen asiri, suka kawo wasu jarumai masu suna da fuska, kowa ya ɗauki makamin da ya ga dama. Ka hango mutum ba ka san ko yana da magani ko harsashi ba. Filaye faɗi ba iyaka, ka yi ta gudu ba ka ga kowa ba. Ko cikakken allon sakamako babu a farko, magana da murya ma babu. Mutane suka watse, da yawa suka koma tsofaffin. Ka ga da yawan jama'a ne sirrin, ai da wannan ya fi kowanne. Dole a farkon 2023 suka maido da rukunan. A shekarar ce kuma wani wasa, BattleBit, da mutum uku suka yi, hotonsa kamar an jera bulo, ya ja jama'a sosai, don kawai ya ba su abin da suka rasa. Da Battlefield 6 ya fito a watan Oktoba na 2025, mutum 64 suka koma, rukuni huɗu, rushe gini, kuma EA ta ce ya sayar da fiye da miliyan 7 a kwana uku na farko.

Shi kansa Call of Duty ɗin naka, a 2019 ya faɗaɗa tsarinsa na Ground War, mutum 64, tutoci, tankoki. Daga ina kake jin aka ɗebo? Tsofaffin ma'aikatan DICE kuma su suka kafa kamfanin Embark a 2018, suka yi The Finals, wanda kusan komai a cikinsa rushewa yake.

Dalilin da ya sa kai ba ka san shi ba kuwa ba laifinka ba ne. Wasan kwamfuta mai ƙarfi ne da PlayStation da Xbox, yana son intanet da ba ya rawa, yana son wuta ta tsaya minti talatin ko arba'in ba a ɗauke ba, ga saukar da shi kaɗai ya isa ya cinye datar wata. Mu nan kuwa waya ce gidan wasanmu. Sun gwada yin na waya, suka soke shi a farkon 2023. Shi ya sa PUBG da Free Fire da Call of Duty na waya suka mamaye mu. In kana son ka ɗanɗana kamanninsa a waya, nemi Delta Force, akwai tsarin babban yaƙi a ciki da tankoki da rukunai, duk wanda ya san asali yana gani zai gane inda aka kwaikwayo.

Abin da ke ɗan sosa min rai shi ne wasu daga cikin waɗanda na lissafa ba za ka iya buga su yadda muka buga ba. Sabobin 1942 da Battlefield 2 na hukuma, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, sun tafi tun 2014 da aka rufe GameSpy, kamfanin da suka dogara da shi, sai dai waɗanda masoya suka tayar da kansu. Bad Company 2 kuma an cire shi daga kasuwa a 2023, aka kashe sabobinsa a watan Disamba na shekarar.

Ran Asabar in Allah ya kai mu ina gida bayan la'asar, ka zo in ba ka hannu ka gwada da kanka. Sharaɗi ɗaya ne, ba za ka taɓa bindigar hange ba, akwatin magani zan ba ka ka bi ni a baya. Ka taho da man janareta ko lita biyu ne, don ban yarda da wutar unguwarmu ba. Sai na ji ku.