Fitilar DJ ta mayar min da amarya bulu, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a nan wajen Ringim, satin da ya wuce na ɗauki wani kamu da daddare, janareta aka kunna sai DJ ya saka irin fitilun nan masu bulu, yanzu fuskar amarya ta koma kamar an tsoma ta a rini ga kuma yashi-yashi ko'ina a hoton. Yarona ya ɗauka da waya ta ɗaya gefen kuma nasa kalar ta fi kyau. An ce min a DaVinci Resolve, manhajar gyaran bidiyo, ana iya ɗauko kala ɗaya daga wani bidiyo a zuba a wani, da gaske ne? Dangin ango sun dame ni da kira wallahi.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. Da gaske ne ana yi, amma ba shi ne maganinka ba, bari ka ji dalili.

Duk bidiyon da kake gani igiya ce mai tufka uku, ja da kore da bulu. A DaVinci ɗin, ko na kyautar ma, in ka shiga shafin Color ka danna Alt da Y zai warware maka igiyar, nod uku, wato 'yan akwatunan da ake yin gyara a cikinsu, za su fito, na sama ja, na tsakiya kore, na ƙasa bulu, sannan ya sake tufke su a gaba. Sunan abin Splitter Combiner. Kafin ka taɓa komai ka leƙa kowanne shi kaɗai, kusan kullum za ka tarar ɓarnar tana cikin bulu ne, shi ya fi kwasar yashin nan in haske ya yi ƙaranci. Kore kuwa yakan fito tsaf saboda a idon yawancin kamarori rabin ɗigon da ke kama haske na kore ne, ja da bulu kwata-kwata suka samu.

To ga inda sa'arka take. A ma'aunin kalar bidiyo na Rec.709 da muke aiki da shi, hasken hoto kusan kashi 72 cikin 100 daga kore yake zuwa, ja kamar 21, bulu 7 kacal. Ma'ana in ka je nod ɗin bulu ka ɗan sa masa dishi-dishi da Blur, yashin zai kwanta kuma ido ba zai gane an yi komai ba. Kaɗan fa na ce, in ka cika hannu bakin mayafi da gefen fuska za su fara yin wani rawaya-rawaya. Akwai ainihin abin goge yashi a manhajar amma mai ƙarfin yana cikin Studio ne, na kuɗi, shi ya sa talakawa irinmu muke bin ta wannan hanyar.

Maganar fuskar amarya kuma, buɗe Parade, wato jadawalin da ke nuna ƙarfin ja da kore da bulu gefe da gefe, ka duba. In bulu ya daki rufi ya kwanta a 1023 to ya ƙone, babu abin da ya rage a cikinsa da za ka ja ƙasa ya dawo, rage shi kawai zai ba ka wata toka-toka. Sai dai aro. Ka shiga RGB Mixer, a ɓangaren bulu ka sauke bulun ka ɗaga kore a madadinsa, wato kana gina bulun da kayan maƙwabcinsa, kana yi kana kallon fatarta har ta dawo ta mutane. Leshin da ta saka in bulu ne na asali zai ɗan canja, wannan kam sai haƙuri, gara leshi ya canja da fuska.

Yanzu bidiyon yaronka. A shafin Fusion akwai nod mai suna Channel Booleans, ka haɗa masa bidiyo biyu ka ce ja da kore daga wannan, bulu daga wancan, zai yi maka ba musu. Matsalar ita ce sai hotunan biyu sun hau kan juna daidai kamar murfi da tukunya, shi kuwa yana tsaye ta wani gefe ne da waya a hannu tana rawa, abin da za ka samu shi ne amarya da inuwarta mai bulu tana binta a gefe. Wannan haɗin yana yiwuwa ne in kamara ɗaya ce a kafe kan ƙafarta ba ta motsa ba, misali ka ɗauki ƙofar gida da rana ka sake ɗauka da magariba. Masu bidiyon waƙa ma da gangan suke gocar da kalolin don ado, amma dangin ango ba ado suka biya ba.

Abin da zan yi da ni ne, inda naka ya lalace sosai in yanko na wayar in saka a wurin gaba ɗayansa, in daidaita kalarsu, sauran in gyara da RGB Mixer. Kuma biki na gaba ka sayi 'yar fitila fara mai caji ka ɗaura a kan kamara, ka roƙi DJ ya kashe bulun nan ko na minti biyar ne lokacin da za a fito da amarya.