Ga mai tambaya kan keke mai batir da ciwon ƙugu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa.

Ka ce kana da sikila, ƙashin ƙugunka ya fara lalacewa, tafiyar minti biyar a ƙasa sai ka nemi wurin zama. Kana son sayen keke mai batir amma kana tsoron kada ya tayar maka da ciwo, kana kuma tsoron bakin mutane, kada a ce ashe lafiyarka lau tunda ga ka a kan keke. Ni nawa ciwon daban ne, amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci gaɓoɓin mai ita. Ya kama min gwiwoyi da wuyan hannu da yatsu. Shekara huɗu ke nan ina hawan keken nan, kuma wanda nake kai yanzu shi ne na biyu. Na farkon kuɗina kawai ya ci, da shi zan fara.

Ranar da na je sayensa jikina ya yi min daɗi. Ka san irin ranakun nan da mutum ke tashi ya ji garau har ya fara zargin ko ya warke. Na ɗaga ƙafa na haye, na yi zagaye biyu, iska na kaɗa ni, na biya na taho. Bayan kwana goma ciwo ya motsa. Na fito da keken na tsaya a gefensa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa ta tsallake sirdi, ga shi mai sanda ne a tsakiya. Da ƙyar na jingina shi da bango na hau. Da na hau kuma sai na gano matsala ta biyu: injinsa irin mai auna ƙarfin takunka ne, gwargwadon yadda ka danna feda gwargwadon abin da zai ƙara maka. Masu lafiya suna son irinsa don tafiyarsa tana kama da ta keken gaske. Amma a ranar da gwiwa ta kumbura ba ka da abin dannawa, shi kuma halinsa na mai ba da bashi ne, sai wanda yake da shi yake ba wa.

Akwai wani nau'in da ba ruwansa da ƙarfinka, juyawar feda kawai yake lura da ita. Ko a hankali kake murza ta kamar mai wasa, injin zai ja ka. Wannan ne namu. In kuma da totur a haɗe, to ka gama samu, don wurin tashi daga tsaye shi ne inda gaɓa ta fi shan wuya, kuma nan totur ke ɗauke maka. Ni na zaɓi wanda ake dannawa da babban yatsa, na murɗawa irin na babur yana gajiyar min da wuyan hannu. Sai dai ka binciki dokar inda kake. A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da ake ɗauka a matsayin keke injinsa ba ya wuce wat 250, yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, kuma ba tare da feda ba kilomita 6 a awa kawai aka yarda ya yi. A Amurka akwai ajin da aka yarda masa da totur har mil 20 a awa, kusan kilomita 32 ke nan. Kowace ƙasa da nata tsarin.

To, maganar ƙugunka. A sikila jini ne ke kasa isa kan ƙashin cinya, wurin da ya shiga cikin ƙugu, sai ƙashin ya raunana. In kana tafiya a ƙasa kowane taku nauyinka duka yana sauka a wurin. A kan keke sirdi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, shi ya sa za ka ga mutumin da ba ya iya kaiwa bakin titi da ƙafa yana yin kilomita goma a kan keke. Ba ƙarya yake ba, aikin ne ba iri ɗaya ba. Amma keke ma yana da inda yake matsa ƙugu: lokacin da feda ta kai can sama, gwiwa ta taso kusa da ciki. Abu biyu ke rage wannan. Na ɗaya, kan keken ya zama a sama yadda za ka zauna a miƙe, ba ka duƙa ba. Na biyu, ƙarfen da feda ke maƙale a jikinsa, yawanci tsawonsa milimita 170 ne zuwa 175, ana iya canza shi da gajere, kamar 150 ko 155. Ni gwiwa ta sa na canza, kuma a makon na ji bambanci. Kafin ka kashe ko sisi, ka kai maganar wurin likitan da ke duba ƙashin naka da masu gashin ƙashi, su suka ga hoton, su za su gaya maka iya lanƙwasar da ƙugun zai ɗauka.

Abin da babu mai sayarwar da zai faɗa maka shi ne nauyi. Keken nan kilo 20 zuwa 30 ne, nawa 26. Yana tafiya ba ka jin komai. Wahalar tana wurin fito da shi, juya shi a lungu, tsallakar da shi dokin ƙofa, ɗora shi a kan jak. Sau uku na faɗi cikin shekara huɗu, kuma duka ukun a tsaye nake. Ka tsaya, ka sauke ƙafa ɗaya, ƙasan ba daidai ba, keken ya ɗan karkata, gwiwa ta ce ba da ita ba, sai ku tafi tare. Tun daga nan na sauke sirdina ƙasa da yadda masana keke ke so, don tafin ƙafata ya taɓa ƙasa sosai ina zaune. In wurin kwanan keken sai an hau bene, ka dakata da saye har ka samo masa wuri a ƙasa. Ka kuma nemi wanda ake zare batirinsa, kilo uku ne ko ɗan fiye, shi kaɗai za ka riƙa ɗauka zuwa wurin caji.

Irin namu mai lura da juyawar feda yana da wata ɗabi'a: ka ɗan juya feda a tsaye sai ya zabura. Yawancinsu birki na yanke wutar inji, saboda haka ka saba da riƙe birki duk lokacin da ka tsaya, kuma ka riƙa tashi a matakin taimako na ɗaya ko na biyu, wato inda ka saita ƙarfin injin ƙasa-ƙasa. Birkin kansa, in hannunka ba ƙarfi, mai aiki da mai ya fi mai waya sauƙi nesa ba kusa ba, da yatsa biyu nake tsayar da nawa. In kuma kana yawan jin jiri, ka duba mai ƙafa uku. Ba ya faɗuwa a tsaye, amma a kwana yana iya ɗaga ƙafa ɗaya ya kife in ka shiga da gudu.

Batir kuwa, kada ka yarda da nisan da aka rubuta a kwali. Wannan lissafin na mai lafiya ne da ke taka feda da ƙarfi a matakin taimako mafi ƙanƙanta, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka ninka volt da amfiya-awa da ke jikin batirin, shi ne ainihin abin da ke cikinsa. Nawa 36 sau 14, wato wat-awa 504. Yadda nake barin inji ya yi kusan duk aikin, kilomita 35 zuwa 40 nake samu, ƙasa da haka in akwai tudu ko iska na gabana. Darasin nan a jikina na koye shi. Wata ranar na ga saura layi biyu a allo na ce ai zai kai, ashe layukan ƙarshe sun fi na farko saurin tafiya. Ya mutu saura kilomita shida in isa gida. Na taka keke mai nauyin kilo 26 da gwiwoyin da ba sa ɗaukar ni kaina, ina yi ina hutawa a gefen hanya. Kwana uku ban sauko daga gado ba. Yanzu da zarar ya sauko kashi 60 cikin ɗari nake juya kan keke gida, ko ina na kai. Sauran kula ba ta da yawa: cajarsa ta asali kawai, kada a bar shi cikin rana, kada a sa shi caji yana da zafi, kada ka jona shi ka kwanta barci, kada kuma ya zama a bakin ƙofar da za ku fita in wani abu ya faru. Batirin litiyom in ya kama wuta ba ya jira.

Tsoronka na tashin ciwo yana kan hanya, kuma ga inda haɗarin yake. Injin yana ɓoye gajiya. Kana zaune, hanya na gudu, zuciya ta yi fari don ka daɗe ba ka fita kai kaɗai ba, sai ka zarce. Jiki kuwa yana rubutawa, gobe ko jibi zai kawo maka takarda. Masu ciwon gajiya mai tsanani, da waɗanda korona ta bar wa irinta, sun san wannan fiye da kowa, nasu yakan bayyana awa 12 zuwa 48 bayan aikin. Kai kuma ka san abubuwan da ke tayar da sikila: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, wahalar da ta wuce kima. Keke yana iya haɗa maka ukun a fita ɗaya, don iskar tafiya tana busar da gumi ba ka sani ba, ba ka jin ƙishirwa, ga ta kuma tana bugun ƙirji. Gorar ruwa ta zama a jikin keken, ka sha ko ba ka ji ƙishi ba, da riga mai tare iska in da sanyi-sanyi. Ka fara da minti goma, ka huta kwana biyu ka ga abin da jiki zai ce, sannan ka ƙara. Ranar da ka sha maganin ciwo mai sa barci, irin su tramadol ko mofin, keke ya kwana a inda yake.

Bakin mutane kuwa, na sha shi. Wani da muke mutunci ya taɓa ce min, "Kai da ake cewa ba ka da lafiya, jiya na gan ka ka wuce kamar iska." Na yi dariya, amma ta zauna min har dare. Da farko nakan tsaya in yi dogon bayani, yanzu cewa nake, "Ai shi ne sandata," in wuce. Wanda ya gan ni a hanya bai ga awa guda da nake yi da safe kafin yatsuna su buɗe ba. Kuma gaskiya keken iyakarsa bakin ƙofa, ba ya shiga asibiti, ba ya tsaya maka a layi. Shi ya sa sandata mai naɗewa kullum tana ɗaure a kariyar keken, in na sauka in ware ta. Nan ma kallo ake yi, mutum ya sauko daga keke ya kama sanda. Su kalla.

In za ka je dubawa, ka je ranar da jiki ba daɗi, ko aƙalla da yamma bayan ka gaji. Ka nemi marar sanda a tsakiya, wanda ƙafa ke ratsawa ta ƙasa. Ka hau ka sauka sau biyar, ka ja shi da baya, ka ɗora shi a kan jak ka sauke, ka kashe injin ka taka shi mita ɗari ka ji. In mai kaya ya ƙi yarda ka gwada, yi gaba.

Ba ka faɗa ba, ƙugun dama ne ko na hagu? Ka rubuto, don shi zai nuna ta wane gefe za ka riƙa hawa da kuma ƙafar da za ka saba saukewa in ka tsaya.