Ku Tambaya Mu Amsa: Faretin 18 ga Disamba da waƙar Kirsimeti

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce daga Maraɗi. An zaɓi ɗana cikin 'yan lakwal da za su yi fareti ranar 18 ga Disamba, sai lokacin gwajinsu ya ci karo da na waƙoƙin Kirsimeti a majami'a. Maigidana ya ce a cire shi, wai bukin gwamnati ba na mai bi ba ne. Ni kuwa abin da ya fi damuna daban ne: bara wani babban mutum ya halarci sujadarmu a makon bukin, aka kwashe fiye da rabin lokaci ana lissafa ayyukansa, wa'azi ya zama na minti goma. Ina iyakar girmama ƙasa da manyanta?

AMSA: 'Yar'uwa, ki gaida maigida, ki kuma gaya masa cikin ladabi cewa ban goyi bayansa ba a wannan karon. Ranar 18 ga Disamba tunawa ce da kafa Jamhuriyar Nijar a 1958, kamar yadda 3 ga Agusta take tunawa da samun 'yancin kai a 1960, kuma mai bin Almasihu ɗan ƙasa ne cikakke a ranakun nan biyu. Irmiya ya umarci Yahudawan da aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a (Irmiya 29:7), to, ina ga wanda yake zaune a garin da aka binne cibiyarsa? Bulus ma ya ce a ba da girma ga wanda girma ya wajaba gare shi (Romawa 13:7). Yaron da ya sa tufafin makaranta ya wuce gaban gwamna yana taka ƙafa daidai da ganga bai yi wa kowa sujada ba.

Abin da kika gani bara shi ne inda matsalar take. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole, kuma babu laifi fasto ya yi wa baƙo maraba, ya gode masa idan ya taimaka da rijiya ko rufin kwano, sannan jama'a su yi masa addu'a kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta koyar game da masu mulki. Amma da zarar mai jagorar sujada ya koma maroƙi, yana jera kirari, mata suna guɗa ana tafi, an kuma matse Maganar Allah a ƙurya domin kada baƙon ya gaji, to, an ɗauki abin da yake na Allah an miƙa wa Kaisar. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle a ɗakin sujada. Ki duba Ayyukan Manzanni 12:21-23, inda Hirudus ya sha kayan sarauta ya zauna a gadonsa yana jawabi, taro ya ɗauki ihu cewa wannan muryar allah ce, ba ta mutum ba. Hukuncin da ya auka masa ya zo ne domin bai mayar wa Allah ɗaukakar ba. Irin wannan yabo yana cutar da wanda ake yi wa kafin ya cuci kowa, shi ya sa nake ganin shugabannin da suka shirya sujadar ba su kyauta wa baƙon nasu ba.

Mutanen Maraɗi ba su manta da 2015 ba, shekarar da bukin ya zo mana da sunan Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa kwalta, aka kunna fitilu, gari ya cika da baƙi. Abin murna ne, ni ma na yi murna. Sai dai fenti yana koɗewa, kuma ko taken ƙasar da muka haddace muna yara an sauya shi da wani a 2023. Aikin hannun mutum haka yake, yana da amfani, yana kuma da wa'adi, don haka ba ya iya zama a kujerar Almasihu, wanda Kolosiyawa 1:18 ta ce shi ne zai zama na fari cikin kome.

Abokan Daniyel su uku manyan ma'aikata ne a lardin Babila, sun yi wa sarki aiki da aminci, har ranar da aka ce su rusuna wa gunkin zinariya, a nan ne kaɗai suka ja daga. Ki karanta wa ɗanki wannan labari a sura ta 3 ta littafin Daniyel kafin ranar faretin, ki bar shi ya yi tambayoyinsa.

Game da karon lokaci kuwa, tsakanin bukin da Kirsimeti akwai mako guda cur. Ki sami mai koyar da waƙa ki roƙe shi ya ba yaran da ke fareti wani lokaci da yamma, na tabbata ɗanki ba shi kaɗai ba ne. Idan gwajin ya faɗo a lokacin sujadar Lahadi, maigida ya je da kansa ya nemi izini wurin malamin makaranta. Zancen bara kuma kada ki bar shi ya zama gulma a taron zumuntar mata. Ku tafi ke da maigida wurin ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya tun kafin a tsara sujadar bana, ku ba da shawarar a kai gaisuwar baƙi bayan addu'ar rufewa.