Ga gida nan amana

Ɗana, saƙonka ya iso, muna nan lafiya a Argungu sai zafi. Ka ce za ku tafi ƙauyen su mai ɗakinka a ƙasar Yauri har sati 3, kana tambayar nawa za ka yanka wa ɗan maƙwabcinka da zai riƙa kwana a gidan yana duba rago da tattabaru da kyanwar yara. Sai da na yi dariya. Lallai zaman Birnin Kebbi ya fara shiga jikinka.

Mu a nan ba a ciniki da maƙwabci kan jiran gida. Uban yaron za ka samu, ba yaron ba, bayan sallar isha'i ka ce masa tafiya ta kama ka, ga gida nan amana. Shi zai turo ɗansa. In ka ambaci kuɗi a wurin, ka mai da ɗan mutane ɗan ƙodago, kuma uban ba zai nuna maka ya ji haushi ba, sai dai ya riƙe a ciki. In maigadi ka ɗauko daga waje, wannan jinga ce, a faɗi lada tun farko. Yaron a zaure zai kwana, ɗakin iyalinka a sa masa kwaɗo, don kare mutuncinsa ne ba don zargi ba.

Kada ka ji haka ka ce ka samu banza. Harawa da dusar da za su kai ragon har ku dawo kai za ka tanada, ka kuma ƙara ta kwana huɗu ko biyar, don baƙon surukai ba ya tashi ranar da ya sa. Geron tattabaru a auna a ajiye daban. Ruwa kuwa ka nanata masa, safe da yamma. A Afrilu zafin ƙasar nan kan haura digiri 40, tattabara kuma in ta rasa ruwa a gidanka za ta same shi a gidan wani, wata daga nan ba za ta dawo ba.

Kyanwa ku bar ta inda ta saba, ko da yara za su yi kuka. Kada dai a kulle ta a ɗaki wai don kar ta ɓata. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba.

Maganar ragon ce nake so ka riƙe sosai. Ka faɗa wa uban, a gaban wani, cewa in ciwo ya ci ƙarfinsa a yanka, kada a jira ka. Ni na sha wannan. Ina saurayin magidanci na tafi Kamba na bar tunkiya mai ƙiba wurin maƙwabcina, cikinta ya kumbura cikin dare. Lokacin babu waya, bawan Allah ya ji nauyin sa wuƙa a dukiyar da ba tasa ba, ta zama mushe. Da na dawo na ɗaure masa fuska. Kakanka ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce malamai ma ba su ɗora wa mai riƙon amana ramuwa ba sai in ya yi sakaci, sakacin kuma nawa ne da ban bar izini ba. Da ƙafata na je ba shi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage. Kai ma kada ka dogara da waya, ƙauyukan bakin kogi ba ko'ina take kamawa ba.

In kun dawo, tsaraba ta fara shiga gidansu kafin ku kwance kaya. Kifin banda na Yauri a kai wa uwar yaron, shi kuma yadin riga, ko ka ce ya zaɓi 'yan shila biyu cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannunsa. In daga baya ka cusa masa wani abu a aljihu ka ce na sabulu, babu laifi.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Kifin nan kuma a tuna da kawunka, tarwaɗa nake so, wadda ta bushe sosai.