Wai Ana Ƙara wa Talabijin Filasma Gas? Amsoshin Tambayoyinku

A nan Sakkwato, duk talabijin ɗin da ta kasance falle ɗaya, ba ta da ƙaton ƙeya irin na da, sunanta filasma. Ko LCD ce, ko LED ce, da zarar an rataya ta a bango shi ke nan, ta zama filasma. Alhali filasma ta gaske wata aba ce daban, kuma manyan kamfanonin da ke ƙera ta sun daina tun shekarar 2014. Wasiƙun wannan mako duk a kanta suka taru, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan kallon ƙwallo a Mabera. Filasmata mai inci 50 ta hwara dusashewa, hoton bai da haske kamar da. Wani yaro mai gyara ya ce gas ɗinta na ya ƙare, in kawo kuɗi a ƙara mata kamar yadda aka yi ma firij. Wagga magana gaskiya ta?

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka. Akwai gas a cikinta, wannan yaron bai yi ƙarya ba a nan. Amma ba gas ba ne da ke ƙonewa kamar na girki, kuma babu wata ƙofa da aka bari don a ƙara shi. Tun a masana'anta aka zuƙe iskar da ke ciki, aka ɗura gas ɗin, aka liƙe gilashin liƙewa ta har abada. Bari in kwance maka yadda abin yake, sai ka ga da kanka dalilin da ya sa maganarsa ba ta tsayuwa.

Ka san testa, ɗan sukuddireban da masu wayarin ke taɓa soket da shi? Wannan ɗan jan haske da ke tashi a cikinsa, gas ne mai suna neyon. Gas a yadda yake ba ya bari wuta ta bi ta cikinsa. To amma in ƙarfin lantarki ya kai wani mataki, sai ya fizge ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektron daga jikin ƙwayoyin gas ɗin, sai gas ya koma wani yanayi da wuta ke iya ratsa shi, yana fitar da haske. Wannan yanayi shi masana ke kira filasma. Walƙiyar damina filasma ce. Tartsatsin mai walda ma haka. Dogon ƙwan lantarki fari da muka taso muna gani a masallatai da shaguna, shi ma da wannan dabara yake aiki, kuma shi ya fi kusa da abin da ke cikin talabijinka.

Allon filasma gilashi ne guda biyu, na gaba da na baya, tsakaninsu ɗan tsukin da bai wuce kaurin takarda ba, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. An yanyanka wannan tsuki da siraran katangu zuwa ƙananan ɗakuna, ka ce saƙar zuma. Kowane ɗaki cike yake da gaurayen neyon da zenon, wani lokaci har da ɗan hiliyom. An kuma shafe cikin kowane ɗaki da wani gari da ake kira fosfo: wannan ɗaki ja, na kusa da shi kore, na gaba shuɗi. Ɗakuna uku ke haɗuwa su ba da ɗigo ɗaya na hoto. In allonka mai ɗigo 1920 a kwance ne da 1080 a tsaye, ɗigo 2,073,600 ke nan, ɗakuna kuwa 6,220,800. Kowane ɗaya fitila ce mai zaman kanta.

Yaya ake kunna ɗaki ɗaya a bar maƙwabcinsa? A jikin gilashin gaba akwai layukan lantarki a kwance, bibbiyu ga kowane jeri, an yi su da sinadarin da haske ke ratsawa don kada su tare hoto. A gilashin baya kuma akwai wasu layukan a tsaye. Kamar zaren saƙa ne, na tsaye da na kwance, kowane ɗaki yana daidai mahaɗarsu. In ana son ɗaki ya kama, sai a aika wuta ta layinsa na tsaye da na kwance lokaci guda, ɗan tartsatsi ya tashi, ya bar caji manne a bangon ɗakin. Daga nan sai layukan gaba biyu su shiga jifan juna da wuta, wajen bolt 200, a faɗin allon gaba ɗaya. Wannan wuta an auna ta yadda ita kaɗai ba ta isa ta kunna gas ba. Ɗakin da aka riga aka bar wa caji shi kaɗai zai kama, sauran su yi shiru.

Hasken da zenon ke fitarwa ido ba ya ganinsa, altarabayolet ne. Sai ya bugi garin fosfo, shi kuma fosfo ya mayar da shi ja, ko kore, ko shuɗi. Wannan ne hoton da ke iso maka.

Yanzu ka dubi matsalarka. Abin da ke tsufa a ciki shi ne fosfo. Kamfanonin sun riƙa cewa na baya-bayan nan za su yi sa'o'i 60,000 zuwa 100,000 kafin haskensu ya ragu da rabi, amma gidan kallo ba gida ba ne: tun la'asar har tsakar dare, ranar Asabar da Lahadi ma tun azahar, ga haske an ƙure shi. Bayan fosfo, akwai bod ɗin wuta da ke bayanta, wanda in kafasitocinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suka kumbura saboda zafi, wutar da ke isa allo sai ta sauka ƙasa da yadda aka tsara. Wannan kam yana gyaruwa. A jikin allon ta baya, in aka buɗe murfi, akwai takarda mai ɗauke da adadin bolt ɗin da ya kamata, mai gyaran da ya san aikinsa zai auna da mita ya gwada. Kai dai kada ka buɗe da kanka, wutar da ke kwance a ciki tana iya kayar da mutum ko bayan an zare soket.

Da a ce gas ɗin ya fita, ba dusashewa za ka gani ba. Ƙarfin gas ɗin ciki bai kai na iskar waje ba, don haka in gilashi ya tsage iska ce ke kutsawa ciki, allon ya mutu ɗungurungum. Wannan ba shi da magani sai sabon allo, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talabijin ɗin.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. An ce ɗakunan filasma kunnawa da kashewa kawai suka sani. To ta yaya ake samun launi mai duhu-duhu ko mai haske-haske? Kuma mene ne 600Hz da nake gani a jikin kwalayensu?

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa, don nan ne wayon yake. Gaskiya ne, ɗaki ko dai ya kama ko bai kama ba, babu rabi-rabi. Abin da ake wasa da shi shi ne lokaci. Kowane hoto ɗaya da ke tsayawa a allo na ɗan ƙiftawar ido, ana raba lokacinsa gida-gida. A tsari mafi sauƙi gida 8 ne, masu nauyin 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64 da 128. Ɗakin da ake so ya yi haske sosai sai ya kama a duk gidajen, jimla 255. Wanda ake so ya yi duhu-duhu sai ya kama a gida mai nauyin 1 da mai nauyin 4 kawai, jimla 5. Wanda bai kama ko ɗaya ba shi ne baƙi. Matakai 256 ke nan ga kowane launi, in ka ninka su sau uku a junansu ka sami launi sama da miliyan 16. Ido ba ya iya bin wannan ƙyafƙyaftawa, sai ya tara ta ya ga haske ɗaya tsayayye, kamar yadda yaro ke juya itace mai wuta da dare ka ga zobe.

Shi kuwa 600Hz, lissafi ne: hoto 60 a daƙiƙa, kowanne an raba shi gida 10. Ba hoto 600 take nuna maka ba, kamar yadda 'yan talla suka so a ɗauka. Sai dai gaskiya ne filasma ba ta jan wutsiya in ƙwallo na gudu, domin ɗakunanta na kamawa su mutu nan take, kuma shi ya sa masu kallon wasa suka so ta.

Tunda ɗalibi ne kai, ga ɗan tarihi. A jami'a aka haife ta, ba a kamfanin talabijin ba. A 1964, a Jami'ar Illinois ta Amurka, malamai biyu, Donald Bitzer da Gene Slottow, tare da ɗalibinsu Robert Willson, suka ƙirƙiro ta don wani tsarin koyarwa da kwamfuta mai suna PLATO. Launi ɗaya take da shi a lokacin, ruwan lemo na neyon, irin na testa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne wancan caji da ke manne a bango: allon da kansa yana tuna abin da aka rubuta masa, a zamanin da ma'ajiyar kwamfuta ke da ɗan karen tsada. Sai a 1992 kamfanin Fujitsu na Japan ya fito da mai cikakken launi, inci 21. Daga nan aka shiga tseren girma, har Panasonic ya nuna mai inci 152 a 2010. Shekara huɗu bayan haka shi da Samsung da LG duk suka rufe wannan babi, domin LCD ta yi arha, ba ta da nauyi, ba ta shan wuta, kuma ana iya yin ta ƙarama ta shiga waya. Ɗakunan gas ba sa ƙanƙancewa haka, shi ya sa ba ka taɓa ganin waya mai allon filasma ba.

TAMBAYA: Malam, a kusurwar talabijin ɗinmu akwai inuwar tambarin tashar da yara suka fi kallo, ko an canza tasha tana nan. Yaya zan goge ta? Daga wata uwa a Arkilla.

AMSA: Hajiya, kada ki sa tsumma, ba a waje take ba. Ɗakunan da ke ƙarƙashin tambarin sun fi 'yan'uwansu aiki, fosfonsu ya riga su tsufa. In inuwar sabuwa ce, sau da yawa tana gushewa: ki bar hoto mai motsi da ya cika allo ya yi ta tafiya na wasu sa'o'i, ko ki duba cikin saiti, da yawansu suna da wani farin layi da ke share allo don wannan. In ta yi watanni kuwa, ta zauna ke nan. Ki rage haske, kuma a daina barin tasha ɗaya tun safe har dare.

TAMBAYA: Ni tsoho na, rediyo nika saurare. Da jikoki sun kunna talabijin, sai rediyona ta kama ƙara, ba ni jin labaru. Mi ka kawo haka? Daga Gidan Igwai.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Rediyonka ƙalau take. Miliyoyin tartsatsin da ke tashi a cikin allon suna watsa hayaniya a iska, kuma gajeren zango da matsakaicin zango su suka fi kwasar ta. An san filasma da wannan hali. A nisanta rediyon da ɗakin, a sa mata batir maimakon soket ɗaya da talabijin. In tashar tana FM, can za ka fi samun sauƙi.

TAMBAYA: An yi mini tayin filasma 'yar Kwatano mai inci 42 da arha. Sola nake amfani da ita a Tambuwal, batir ɗaya mai 200Ah. In saya? Kuma yaya zan gane ta gaske ce?

AMSA: Gane ta ba wuya. Ƙwanƙwasa fuskarta a hankali da farce: gilashi ne mai tauri, ba ya lotsawa kamar na yawancin LCD. Ɗaga ta, za ka ji nauyin da mutum ɗaya ba ya so. In ta yi rabin awa a kunne, kai hannu kusa da fuskar za ka ji ɗumi. Lambarta ma na faɗa: Samsung na farawa da PS ko PN, LG kuma harafin P ne ke bin lambar inci.

Batun saye kuwa, ni dai ba zan ba ka shawara ba, kuma ba don hotonta ba kyau ba. A ɗaki mai duhu, baƙinta da launinta sun fi na LED masu arha nesa ba kusa ba, kuma ko daga gefe ka zauna hoton ba ya wankewa. Matsalar wuta ce. Juya bayanta ka karanta wat nawa aka rubuta. Mu ce 300 ne, kamar yadda ake gani a tsofaffin. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato wat 2,400 na tsawon awa ɗaya, kuma in irin mai ruwa ne kana son ya daɗe, rabi kawai za ka ci, 1,200. Awa 4 ke nan, ba fanka, ba fitila, ba a ma cire abin da inbata ke ci ba. LED mai cin wat 80 za ta kai ka awa 15 a kan batir ɗin. Shan wutar filasma yana hawa da sauka gwargwadon hasken hoto, fim mai duhu ya fi sauƙi, fili mai haske ya fi ci, amma ko yaya aka juya lissafin ba ya zuwa kusa.

Sai zafi. Na'urar da ke dafa kanta, ka kawo ta garin da ma'auni ke haura 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu na toshe ramukan shan iskarta. Kuma mafi ƙuruciyar da za ka samu ta haura shekara goma, kayan gyaranta sai dai a ciro daga wata matacciya.

In duk da haka ranka ya biya, kuɗinka ne. Ka tabbatar takardar bayanta ta ce bolt 220 zuwa 240, don wasu da suka fito daga Amurka na 120 ne. Ka sa a nuna maka farin hoto zalla ka nemi inuwa da layuka. Wajen ɗauko ta kuma a tsaye za ta zo, a ɗaure, da bargo a jikinta. Kada ka yarda direba ya kwantar da ita a but ko a saman kaya, gilashi biyu masu nauyi ne a manne, rami ɗaya tsakanin Sakkwato da Tambuwal ya isa ya tsaga su.