Ana yaba zanena amma ba a saya: amsa ga wani mai zane daga Argungu

Wani matashi ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, shekara 6 ke nan ina sana'ar zane a Argungu. Na fara da rubuta allunan shaguna, yanzu ina zana hotuna a kan yadi da fentin mai. Akwai zane 14 jingine a ɗakina. Duk wanda ya gani sai ya ce ma sha Allah, amma da na faɗi kuɗi sai ya yi shiru, ko ya taya abin da ko kuɗin fenti bai kai ba. Abokaina na cewa in koma Abuja. In tafi ne, ko in haƙura in zauna a shagon yayana?"

Ƙanena, kada ka tafi tukuna, kada kuma ka ajiye burushi. Tuna yadda kake yi lokacin allunan shaguna. Mai shago ne ke zuwa da ƙafarsa, ya faɗi abin da yake so, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, sannan ka buɗe gwangwanin fenti. Yanzu ka juya abin: kana zuba jarinka da kwanakinka a zane, sai ka gama ka fara neman mai so. Nan ne kuɗinka ya maƙale. Hannunka lafiya lau yake.

Fara da lissafi, don na lura yawancin masu aikin hannu kunyar sa wa kayansu suna suke ji. Sayi littafi ka rubuta abin da kowane zane ya ci. A ce yadi da fenti da kuɗin kafintan da ya haɗa firam sun tashi naira 9,000, kuma ka yi kwana 4 a kansa. Tambayi abin da ake biyan mai fentin gida a rana a garinku, a ce 5,000 ne. Kwanakinka sun zama 20,000, jimla 29,000, kuma ba a zo maganar riba ba. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, ka ce masa albarka da fara'a, ka nuna masa ƙarami. Shi ya sa nake so ka riƙa yin girma uku, kowanne da farashinsa tsayayye. Aikin da aka sa ka kuwa, rabi a hannu kafin ka fara, ciko ranar karɓa. Amma fa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka ce Laraba, to ta zama Laraba.

Sai maganar wa zai saya. Ka san a yankinmu gidaje da yawa ba sa rataye hoton abu mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, ni abin da ya shafi kasuwa nake faɗa maka: kada ka cika ɗaki da abin da rabin masu kuɗin garin ba za su kai falonsu ba. Akwai zayyanar allon sauka, wadda iyaye ke biya da farin ciki. Akwai rubutun ayoyi da dagi. Akwai kogin Matan Fada da sassafe, kwalekwale a ɗaure, gora da homa a bakin gaɓa, hazo kwance a kan ruwa. Akwai fadamar shinkafa, da gidan tarihi na Kanta, ginin da ya tsaya tun 1831. Mai zane a Legas sai ya nemi hoton waɗannan a waya, kai kuwa da ƙafa za ka taka ka zauna ka kalla. Wannan shi ne jarin da ya fi fenti tsada, kuma shi za ka bari a baya in ka tafi Abuja yau.

Masu saye na gaske su ne masu bango da ke jiran ado da masu hidimar da ke buƙatar kyauta: otal-otal na Birnin Kebbi, makarantu masu zaman kansu, ofisoshi, ƙungiyoyin da ke karrama wanda ya yi ritaya ko aka yi wa naɗin sarauta. Irin waɗannan suna son rasit da asusun banki mai sunan sana'a, don haka ka yi rajistar sunan kasuwancinka da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da zarar ka samu hali.

Bikin kamun kifi na garinku, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, babbar kasuwa ce. Baƙo ba ya ɗaukar zane mai girman ƙofa, abin da zai shiga jakarsa yake nema, don haka ka tanadi ƙanana da yawa, har da waɗanda ka ɗauki hotonsu aka buga a kati. Sai dai kar ka ɗora abincin shekara a kansa. An yi kusan shekara 10 ba a yi bikin ba kafin ya dawo a 2020. Ka riƙa leƙa bikin Rigata a Yawuri da na Uhola a Zuru.

Wayarka kuma shago ce, in ka iya jera kaya a cikinta. Fito da zanen inuwar ƙofa da hantsi, ka share ƙura, ka kashe fitilar waya don kada fentin ya yi ƙyalli, ka ɗauka daidai saitinsa. Sa ƙanenka ya ɗauki ɗan bidiyon hannunka yana aiki, mutane na son ganin yadda farin yadi ke zama kogi. Duk abin da ka ɗora a WhatsApp ko Facebook, rubuta girmansa da kuɗinsa a ƙasa. Mutanen Kabi da ke aiki a Kaduna da Abuja, masu kewar gida, su nake hango maka. In za ka aika, cire yadin daga firam, ka naɗe shi fentin yana waje, ka zura a bututun roba na famfo, ka ba direba a tasha. Ka tabbata ya bushe sarai, fentin mai yana ɗaukar kwanaki, kuma ƙurar hunturu in ta hau shi da ɗanye ba ta fita.

Su kuma guda 14 ɗin nan, zaɓi 5 da suka fi kyau, ka rubuta sunanka da lambarka a bayan kowanne. Kai 3 wani otal a rataye a wurin karɓar baƙi, ku rubuta la'adar da za su ɗauka in an saya, kowa ya sa hannu. Sauran 2 ka roƙi yayanka ya ba ka bango a shagonsa. Allunan shaguna kuma kar ka raina su, su za su riƙa saya maka fenti. Bayan wata 3 ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, sai mu duba maganar Abuja.